Jirgin yaƙi mai aiki da Windows: ina haɗarin yake, kuma me ya shafe mu a Legas?

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin fito daga CMS zuwa Apapa ya san jiragen nan masu launin toka da ke jere a bakin ruwa. Na rundunar sojan ruwan Najeriya ne, domin a Apapa hedikwatarta ta shiyyar yamma take, tare da sansanin NNS Beecroft. Ido yana ganin ƙarfe da bindiga da eriya. Amma jirgin yaƙi na zamani ba da ƙarfe kaɗai yake tafiya ba. Injinsa, da sitiyarinsa, da taswirar da ake bi, da na'urar rada, da saita bindiga, kusan duka ta kwamfuta suke bi. Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, a rundunonin ruwa da dama na duniya, babbar manhajar da ke riƙe da waɗannan kwamfutoci ita ce dai wadda ke kan kwamfutar mai buga takardu a Agege ko Obalende.

Babbar manhaja ita ce ke tsaye tsakanin ƙarfen kwamfuta da sauran manhajojin da ake aiki da su. Ita ke raba wa kowace manhaja lokaci da wurin ajiya, ita ke cewa wannan ya shiga wancan ya dakata. Windows ta kamfanin Microsoft ita ce aka fi sani, sai Linux da ire-irenta, kamar yadda Android take a wayoyinmu. Ana ce musu na kasuwa saboda don kowa aka yi su: banki, makaranta, shago, ɗaki. Ba don yaƙi aka rubuta su ba.

A da ba haka abin yake ba. Sojan ruwan Amurka kwamfutocinsu na musamman suke sa a ƙera musu, har da yaren rubuta manhaja nasu na kansu mai suna CMS-2. Kayan suna da ƙarko, amma da tsada, kuma kafin a gama ƙera ɗaya kasuwa ta riga ta wuce shi da nisa. Da yaƙin cacar baka ya ƙare aka rage kuɗin soja, sai a 1994 sakataren tsaron Amurka William Perry ya ba da umarnin a riƙa amfani da ƙa'idoji da kayan kasuwa duk inda zai yiwu. Ingila da sauran ƙasashe suka bi sahu. Ni dai ban ga wauta a wannan shawara ba. Kayan kasuwa suna da araha, masu gyaransu sun yi yawa, kayan gyaransu ba wahalar samu, kuma matashin da ya shiga soja ya riga ya saba da su tun daga gida. Matsalar ita ce an sayi arahar tare da wasu haɗura da ba a lissafa su cikin farashi ba.

Alamar farko ta bayyana ne a ranar 21 ga Satumban 1997, a gaɓar tekun jihar Bajiniya ta Amurka. Jirgin yaƙi USS Yorktown shi aka zaɓa don gwada wani shiri na rage yawan ma'aikata ta hanyar miƙa wa kwamfuta ayyuka, aka haɗa masa kwamfutoci masu Windows NT. Wani ma'aikaci ya shigar da sifili a wani gurbi na rumbun bayanai. Manhajar ta yi ƙoƙarin raba lamba da sifili, ta rikice, rikicewar ta bi sauran kwamfutocin da ke haɗe da ita, injin jirgin ya mutu. Kusan awa uku jirgin yana tsaye cak a kan ruwa. Babu abokin gaba, babu mai kutse, babu bam. Gaskiya ne cewa asalin kuskuren yana cikin manhajar da aka ɗora a sama, wadda ba ta tace abin da aka shigar mata ba, kuma masu kare Windows sun yi ta nanata hakan. Amma wannan bai wanke tsarin ba. Yaya za a yi kuskure ɗaya a gurbi ɗaya ya iya kai wa ga farfelar jirgi?

Amsar tana cikin tunanin da aka gina manhajar ofis a kai. A ofis, idan kwamfuta ta daskare, kashe ta ake yi a sake kunnawa, a yi asarar minti biyar a ci gaba da aiki. A jirgin yaƙi minti biyar rai ne. Makami mai linzami irin Exocet na Faransa yana tafiya dab da saman ruwa da gudun da ya kusa na sauti, kuma daga lokacin da rada za ta hango shi zuwa lokacin da zai iso, da ƙyar a samu minti biyu. Irinsa ne ya daki jirgin Ingila HMS Sheffield a yaƙin tsibiran Fokland a 1982, mutum 20 suka mutu. Saboda irin wannan ne aka yi wasu manyan manhajoji na daban, irin su VxWorks da LynxOS da INTEGRITY, waɗanda aka gina bisa alƙawarin cewa aiki kaza zai kammala cikin lokaci kaza, ko me ke faruwa. Manhajar ofis ba ta ɗaukar wannan alƙawari. Ƙoƙarinta dai ta yi wa kowa adalci, shi kuwa makami ba ya jiran layi.

Haɗari na biyu ya fi wannan girma a zamanin da muke ciki. Ka ɗauka mutum ya sayi kwaɗon da kowa ke saye a kasuwa ya rufe ma'ajiyar makamai da shi. Kwaɗon ba lallai ya zama maras kyau ba. Illar ita ce kowane ɓarawo a gari yana da irinsa a gida, yana da lokacin da zai zauna ya buɗe cikinsa ya gane lagonsa, kuma ranar da ɗaya ya gano yadda ake buɗe shi, duk ƙofar da ke da irinsa ta buɗu. Haka Windows take. Dubban masu kutse, daga yaran da ke neman kuɗi har zuwa hukumomin leƙen asiri na manyan ƙasashe, kullum cikin laluben ɓarakarta suke. Ɓarakar da aka gano don satar kuɗin banki ita ce dai za ta yi aiki a kan kwamfutar jirgin yaƙi.

An ga haka ƙarara a farkon 2009, lokacin da cutar kwamfuta mai suna Conficker ta bazu a duniya. Microsoft ya riga ya fitar da facin ɓarakar, wato gyaran manhaja da ke toshe ta, tun Oktoban 2008, amma wurare da yawa ba su sa ba. Cutar ta shiga Intramar, hanyar sadarwar cikin gida ta sojan ruwan Faransa, har sai da aka katse layukan aka koma tarho da fakis da wasiƙa. A daidai wannan lokaci ta kama kwamfutocin ayyukan ofis a cikin wasu jiragen yaƙin Ingila, ko da yake ma'aikatar tsaron ƙasar ta ce ba ta taɓa ɓangaren makamai da na tuƙi ba. Wanda ya rubuta Conficker ba da sojan ruwa yake yi ba. Ya saki abinsa ne kawai, ya faɗa kan duk mai irin wannan manhaja.

Mu a Legas misalin da ya fi kusa da mu shi ne na kamfanin Maersk, wanda reshensa APM Terminals ke gudanar da tashar kwantena ta Apapa, inda 'yan'uwanmu direbobin tirela ke kwana a layi. A ranar 27 ga Yunin 2017 aka saki wata cuta mai suna NotPetya a Yukiren, ta cikin wata manhajar lissafin haraji. Yukiren aka nufa, amma Maersk yana da ofis a can, sai cutar ta bi ta nan ta mamaye kamfanin a duniya baki ɗaya. Ɗaya daga cikin makaman da ta yi amfani da su, EternalBlue, hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ce ta ƙirƙire shi don shiga Windows, daga baya aka sace shi aka watsa a intanet. Shugaban kamfanin ya faɗa da bakinsa cewa sai da suka sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci 45,000 da manyan kwamfutocin ajiya 4,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Abin da ya cece su ma, wani ofishinsu ne a nan Afirka ta Yamma da aka ɗauke wa wuta a daidai lokacin, kwamfutarsa tana kashe, sai kwafin muhimman bayanai ya tsira a cikinta. Kamfani yana iya jure kwana goma. Jirgin da ke bin 'yan fashi a mashigin tekun Gini ba shi da ko awa goma.

Amma abin da ni na fi ɗauka da muhimmanci, kuma wanda ba a cika magana a kansa ba, shi ne bambancin tsawon rai. Jirgin yaƙi ana ƙera shi ne don ya yi shekara talatin zuwa arba'in. Babbar manhajar kasuwa kuwa kimanin shekara goma kamfaninta ke kula da ita, sannan ya janye hannu. NNS Aradu, wanda kamfanin Blohm+Voss na Jamus ya ƙera mana, ya fara aiki a 1982, wato ya girmi Windows ta farko da ta fito a 1985. NNS Thunder da muka karɓa daga Amurka a 2011 tun ƙarshen shekarun 1960 aka ƙera shi. Tsakanin haihuwar Aradu da yau, an haifi Windows iri-iri an binne su.

Dubi abin da ya sami manya. Ingila ta kammala sa wa jiragenta na ƙarƙashin ruwa, har da masu ɗauke da makaman nukiliya, wani tsarin sarrafa yaƙi da aka gina kan Windows XP a ƙarshen 2008. A ranar 8 ga Afrilun 2014 Microsoft ya daina kula da XP. Ko shekara shida ba a cika ba. Sojan ruwan Amurka kuwa, a 2015 sai da suka biya Microsoft sama da dala miliyan 9 don ya ci gaba da yi musu facin XP da wasu tsofaffin manhajoji su kaɗai, saboda suna da kwamfutoci kusan 100,000 da ba su gama sauyawa ba. Su suna da kuɗin da za su sayi ƙarin lokaci. Windows 10 ma an daina kula da ita a ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka duk jirgin da aka ƙera cikin shekaru goman da suka wuce aka ɗora masa ita, agogonsa ya riga ya buga. Daga ranar da kamfani ya janye, duk sabuwar ɓarakar da aka gano a buɗe za ta zauna.

Ko lokacin da facin ke fitowa ma, sa shi a jirgi ba kamar sa shi a waya ba ne. Tsarin da ke harba makami sai an gwada shi an tabbatar da shi ɗungurum, kuma canza ɗan abu a ƙasa yana iya ɓata wani abu a sama. Gwajin yana cin watanni, jirgin kuma yana teku. In an jinkirta, ƙofa a buɗe take. In an yi gaggawa, facin da kansa yana iya zama masifa: a ranar 19 ga Yulin 2024 wata sabuntawa maras kyau daga kamfanin tsaro CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka rikice. A 2020 kuma an gano cewa masu kutse sun cusa gubarsu cikin sabuntawar kamfanin SolarWinds, abokan cinikinsa kusan 18,000 suka sauke ta da hannunsu, har da ma'aikatun gwamnatin Amurka.

A majalisa wani zai ce, "Malam, ai jirgin yana tsakiyar teku, ba a haɗa na'urorinsa da intanet ba. Ta ina za a shiga?" Tambaya ce mai kyau, kuma raba na'urorin yaƙi da intanet kariya ce ta gaske. Sai dai katangar tana da ƙofofi, mutane kuma suna shige da fice. Taswirar lantarki tana buƙatar sabuntawa a kai a kai, sau da yawa da filashi ake kawo ta. Ɗan kwangilar da ya zo gyaran inji da kwamfutarsa ta hannu yake zuwa ya jona, wadda jiya ya jona a wani jirgin. Matuƙin da cajinsa ya ƙare zai ga ramin USB a gabansa. Cibiyar nukiliyar Natanz ta Iran ba ta haɗe da intanet, amma cutar kwamfuta mai suna Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta isa can, tana amfani da ɓaraka huɗu na Windows da ba a san da su ba, ta lalata injinan tace yuraniyom alhali allon ma'aikata yana nuna musu komai lafiya. Wannan ɓangare na ƙarshe shi ya fi tayar mini da hankali. Na'urar da ta mutu kowa zai gani ya nemi dabara. Wadda ke nuna wa kwamanda wurin da ba nan yake ba, ko jirgin da babu shi, wa zai yi zarginta?

A 2008 filashi guda da aka jona a wani sansanin Amurka a Gabas ta Tsakiya ya kai cuta har cikin hanyoyin sadarwarsu na sirri, abin da ya sa aka haramta filashi a rundunar na wani lokaci. A 2023 kuma, wasu ƙananan hafsoshi a jirgin Amurka USS Manchester suka ɗaura farantin Starlink a ɓoye a saman jirgin don su samu intanet, ya yi watanni kwamandar jirgin ba ta sani ba. In haka ta faru a rundunar da ta fi kowa kuɗi da dokoki, mu da muka saba filashi ɗaya ya zaga ofis goma, manhajar da ba ta da lasisi kuma ana sayar da ita a bakin titi, ai namu tsaron sai ya fi nasu tsanani. Hukumar binciken kuɗin gwamnatin Amurka ta GAO ta fitar da rahoto a 2018 kan makaman ƙasar, inda ta ce a wani gwaji mutum biyu sun samu shiga wani tsarin makami cikin awa ɗaya, suka mallake shi gaba ɗaya cikin yini guda. Wasu na'urorin ko kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ba a canza ba.

To a koma Linux mana? Wasu sun koma. Jirgin Zumwalt na Amurka da Linux ta kamfanin Red Hat yake aiki. Rasha tana da Astra Linux, Sin tana da Kylin, Indiya ta fito da Maya a 2023 don ma'aikatar tsaronta. Fa'idar Linux ita ce asalin rubutunta a buɗe yake, ƙasa tana iya karantawa, ta cire abin da ba ta so, ta ci gaba da kula da ita ko da wani kamfani ya daina. Wannan fa'ida ce babba, amma ga mai injiniyoyin da za su karanta. A Maris ɗin 2024 an gano wata ƙofar baya da wani ya shafe shekaru yana lallaɓawa ya dasa a cikin XZ, wata 'yar manhaja da yawancin Linux ke amfani da ita, kuma injiniya ɗaya ne ya lura saboda ya ga shiga wata kwamfuta yana ɗan jinkiri. VxWorks ma an gano mata ɓaraka 11 a 2019. Canza suna kaɗai ba ya magani. Abin dubawa shi ne wa ke riƙe da asalin rubutun, wa ke iya yin facin, kuma har zuwa yaushe.

A nan ne maganar ta dawo gida. Jiragenmu daga ƙasashe daban-daban suke: Aradu daga Jamus, Thunder da Okpabana daga Amurka, Centenary da Unity daga Sin, Lana daga Faransa, Kada daga kamfanin Damen na Holan, ga kuma kwangilar sababbi da kamfanin Dearsan na Turkiyya. Kowane maƙeri da nasa na'urori da nasa manhaja da nasa sharuɗɗa. Zanen aro ba ya rufe katara. A Maris ɗin 2022, bayan Rasha ta shiga Yukiren, Microsoft ya dakatar da sababbin cinikayya a Rasha. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a 2014, lokacin da Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra muna tsakiyar yaƙi da Boko Haram. Wanda zai iya hana ka makami zai iya hana ka faci, kuma na biyun ba ya ko fitowa a labarai.

Abin alfahari ne cewa ma'aikatar ƙera jiragen sojan ruwa da ke Victoria Island ta ƙera NNS Andoni a 2012, da Karaduwa a 2016, da Oji a 2021. Ina so in ga irin wannan himma ta kai ga ƙwaƙwalwar jirgi, ba gangar jikinsa kaɗai ba. Duk kwangilar sayen jirgi ya kamata ta fayyace kowace manhaja da ke cikinsa, da ranar da za a daina kula da ita, da wanda zai biya kuɗin sauyawa, da 'yancin injiniyoyinmu na duba asalin rubutun. Ya kamata a raba hanyar sadarwar makamai da ta inji da ta ofis da ta walwalar ma'aikata, kada ɗaya ta ga ɗaya. A toshe ramukan USB da ba a buƙata, a hana kowace manhaja tashi sai wadda aka rubuta sunanta, a kuma tanadi kwamfutar gyara ta jirgi maimakon ta ɗan kwangila. Hukumar kula da sufurin teku ta duniya ta wajabta wa jiragen kasuwanci sa tsaron kwamfuta cikin tsarin kiyaye haɗarinsu daga 2021, amma yarjejeniyar da ta dogara da ita ba ta hau kan jiragen yaƙi ba. Runduna ita za ta kafa wa kanta doka, 'yan majalisar da ke duba kasafinta kuma su san cewa kuɗin kula da manhaja ba a yanka masa kintinkiri, shi ya sa shi ake fara yankewa.

Kada wani ya ɗauka wannan damuwar masu kaki ce kawai. A 2020, cikin ma'aikatan jiragen ruwa 135 da aka sace a duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su. Aikin sojan ruwa, da na'urorin sa ido irin Falcon Eye, da shirin tsaron teku Deep Blue na NIMASA, hukumar kula da sufurin teku ta Najeriya, da aka ƙaddamar a nan Legas a 2021, su suka taimaka har aka cire Najeriya daga jerin wuraren da fashin teku ya yi ƙamari a 2022. Duk wannan nasara a kan kwamfuta take zaune. In ruwan ya sake dagulewa, kuɗin inshora ya hau, kuɗin dakon kwantena ya hau, ɗan kasuwar Alaba Rago da na Kantin Kwari su za su biya. Sannan 'ya'yanmu da ƙannenmu suna cikin waɗannan jirage.

Saura tambayar da ta fi duka sauƙin faɗa: in allon ya mutu, jirgin zai iya tafiya? A ranar 21 ga Agustan 2017 jirgin yaƙin Amurka USS John S. McCain ya yi karo da tankar mai Alnic MC kusa da Singafo, sojoji 10 suka mutu. Ba kutse ba ne. Tuƙin jirgin da sarrafa gudunsa ta allon taɓawa ake yi, a wajen raba aikin tsakanin mutum biyu sai sitiyarin ya koma wani teburi ba tare da an lura ba, matuƙan suka ɗauka ya lalace, jirgin ya karkata ya shiga gaban tankar. Bincike ya nuna ba a horar da su sosai a kan tsarin ba, tsarin kuma ya cika rikitarwa. A 2019 rundunar ta yanke shawarar mayar da maƙullan gudu na hannu a irin waɗannan jirage. Makarantar horar da hafsoshinta ta Annapolis ma tun 2015 ta dawo da koyar da gane hanya ta taurari, wanda ta daina shekaru da dama, saboda tsoron ranar da za a toshe GPS ko a sa ta yi ƙarya.

Wannan ɓangare ba ya buƙatar dala miliyan ko izinin wata ƙasa. A makarantun NNS Quorra da ke Apapa da kwalejin injiniyoyin sojan ruwa ta Sapele, ana iya sa kowane matuƙi da kowane injiniya ya ƙware a taswirar takarda, da kamfas, da tada inji da hannu, da tuƙi daga ɗakin sitiyarin gaggawa na bayan jirgi. A atisaye kuma, kwamanda ya riƙa kashe allunan ba tare da sanarwa ba, da dare, a mashigar Legas inda manyan jirage ke gilmawa, ya auna minti nawa mutanensa za su ɗauka kafin jirgin ya dawo hannunsu.